Aikin ɗakin Inna: littafin neman wanda zai raba mu da zafin kwano

Asabar, 11 ga Janairu 2025

A bayan littafin awon kayan mutane na fara wannan lissafi, don kada kuɗi su zurare ban san inda suka bi ba. Tela ne ni a Garwa, arewacin Kamaru, gidanmu yana unguwar Hausare. Abin da nake so kafin bazara ta shigo shi ne a rage zafin ɗakuna ukun bulo da na gina a 2011.

Bara a watan Afrilu Inna ta kwanta. Kwana uku ana yi mata ƙarin ruwa, likita kuma bai ɓoye mana ba, ya ce zafi ne ya ƙarar mata da ruwan jiki. Ɗakinta kwano ne tsirara a sama, babu silin, tagarta ɗaya tana kallon yamma. Abin kunyar shi ne tsohon soron ƙasa da marigayi mahaifinmu ya bari a ƙofar gida, wanda sau biyu ina niyyar rushewa, ya fi ginin nawa sanyi nesa ba kusa ba.

Na sayi ma'aunin zafi guda biyu, jaka 5. Yau da ƙarfe uku na rana: inuwar darbejiya 33, ɗakin Inna 37, soro 28. A cikin hunturu ke nan.

Ana yi min dariya, wai ana rawar ɗari da asuba ni ina zancen zafi. Amma azumi zai kama a farkon Maris, daga nan in na hau keken ɗinki sai daren Sallah, kuma babu mai hankalin da zai hau kwano a Afrilu. Na ware jaka 600. ('Yan'uwa na Najeriya, jaka ɗaya sefa 1,000 ce.)

Talata, 14 ga Janairu

Matsalar farko, aikin ba shi da suna. In ka ce magini kake nema za a nuna maka goma. Kafinta, mai walda, mai fenti, duk akwai. Amma "mai rage zafin ɗaki" babu shi a kasuwa. A majalisarmu ta bayan isha'i bakin kowa ɗaya: sayi kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka huta.

Na zauna na yi lissafin. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wat sama da 1,000, fankar sama kuwa wajen 60. In ta yi awa takwas kowane dare, a wata ta haura kilowat-awa 240 ita kaɗai, alhali da ka wuce 110 ka fita daga farashin masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ma in akwai wutar. Mafi yawan wutarmu ta arewa daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda 'yan Sin suka gina a kan Binuwai aka kammala a 1982, megawat 72 in ruwa ya cika. Ruwan kuma yana ja baya ne daidai watannin da zafi ke kai wa wuya. An ƙara tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, amma ba zan jingina lafiyar tsohuwa a kan waya ba. Bayan haka, sa kilim a ɗakin da babu silin, ƙofa da taga duk ɓaraka, zuba ruwa ne a kwando.

An ba ni sunaye uku.

Asabar, 18 ga Janairu

Na farko ya zo. Ɗan kwangila ne sosai, da mota da yaro mai riƙe masa jaka. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi kwano, bai shiga ɗakin Inna ba, bai nemi tsani ba. Da yamma ya turo takarda ta WhatsApp, layi ɗaya: gyaran rufi da silin, sefa 1,850,000, a ba da kashi 70 kafin a fara. Na tambaye shi falle nawa, katako nawa, ladan aiki nawa. Ya ce shi ba ya aikin ƙirgen ƙusa. Na yi masa godiya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na biyu ya ce bayan la'asar. Na jira har magariba. Waya a kashe.

Laraba, 22 ga Janairu

Na uku saurayi ne mai fara'a, Alhaji yake ce min duk da ban taɓa wuce Ngaundere ba. Ya nuna min hotunan silin masu kyau a wayarsa, falo bayan falo. Ya ce ɗakuna uku, kaya da aiki, jaka 310, kwana shida ya gama. Uwargida ta ce ta bayan labule in dakata tukuna. Ban dakata ba. Na tura masa jaka 80 kafin alƙalami ta Orange Money, ba takarda, ba shaida.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana goma ban rubuta komai ba, saboda kunya.

Ranar Juma'a ta sama saurayin ya kawo katako ashirin a amalanke ya jingina a bango. Sirara ne, ɗanye kuma, in ka danna farce sai ya shiga. Kwana uku a cikin iskar hunturu suka lanƙwashe kamar baka. Shi kuwa gobe, jibi, an yi rasuwa, babur ya lalace, mai shago bai buɗe ba. Abin da ya fi ƙona min rai, duk maganganun nan na san su, don da bakina na sha faɗa wa masu ɗinkin Sallah. Ashe wanzami da gaske ba ya son jarfa.

Shekaranjiya na yi abin da ya kamata in yi tun farko. A ɗaya daga cikin hotunan na gane ƙofar wani gida a Rumde Ajiya, can wajen filin ƙwallo, na taɓa kai ɗinki layin. Na je na yi sallama. Maigidan ya karɓe ni da mutunci, ya shigar da ni falo. Silin ɗin yana nan, ya ma fi hoton kyau, kuma da rana tsaka falon ba ya ƙuna. Na ambaci yaron, ya yi shiru yana tunani, can ya ce, "Af, wanda ke miƙa ƙusa?" Aikin na wani dattijo ne, yaron lebura ya yi masa na mako biyu ya ɗauki hotuna.

Na karɓi kwatancen dattijon. Maganar jaka 80 kuma na kai ta gaban jauro, wato mai unguwarsu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dattijon ba ya amsa waya sosai, sai da na same shi a rumfarsa. Na ce ya zo da safe, ya ce a'a, "Ɗana, mai neman zafi ba da safe yake zuwa ba." Ƙarfe biyu da rabi ya iso a kan keke.

Kusan awa biyu ya yi. Ya gaida Inna ya tambaye ta da wane lokaci ɗakin ya fi damunta, da azahar ko bayan magariba. Ta ce duka biyun. Ya dafa bangon yamma da tafin hannu, ya dafa na gabas. Ya sa aka kawo tsani ya hau da kansa, ya auna tsakanin kan bango da kwano. Ya shiga soron ya zauna shiru, sannan ya ce in na sake zancen rushe shi ba zai yi min aiki ba.

Bayaninsa, yadda na fahimta: zafin iri biyu ne. Na rana daga kwano yake saukowa kai tsaye. Na dare kuwa bulo ne ya sha rana tun daga azahar, ya dinga amayar da ita har tsakar dare. Silin kaɗai ba ya maganinsu. In ka rufe silin ba ka bar wa iskar da ke tsakaninsa da kwano hanyar fita ba, tanda ka gina a kan mutane, katakon ya ɗauki zafi ya miƙo ƙasa. Don haka sai an huda bango sama da silin ta gefe biyu, iska ta shiga nan ta fita can. Sai a sa wa kwano farin fenti, a yi wa bangon yamma inuwa. Ya ce a gidajen ma'aikatan kamfanin auduga ya koyi wannan yana saurayi.

Ba zai sayi kaya ba. Zai rubuta, mu je tare, in biya da hannuna. Ladansa jaka 110, har da gyaran ƙofofi da tagogi. Wannan karon ni na kawo takarda da biro, liman da ƙanena suka sa hannu: jaka 30 ran farawa, 35 in an gama ɗaki biyu, 30 in an gama duka, 15 sai ruwan farko ya sauka mun ga babu yoyo. Na ɗauka zai ji haushin ta ƙarshen. Dariya ya yi ya ce da ni ne shi, 20 zai riƙe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sayayya. Ɗakunan mita huɗu-huɗu ne, murabba'in mita 48 ke nan. Fallen silin 18 a kan 5,500, jaka 99. Busasshen katako 40, jaka 80, kowanne sai da Baba, wato dattijon, ya ɗaga ya hango tsawonsa da ido ɗaya, ya mayar da bakwai. Ƙusoshi da maganin gara jaka 18. Takardar alminiyam mai ƙyalli naɗi biyu, jaka 44.

Mai shagon ya so ya sayar mana da farin soson nan irin wanda ake naɗe firiji da shi. Baba ya ce yana tare zafi ƙwarai, amma wuta na cin sa kamar auduga kuma ɓeraye na son sa, sai ya ga wayoyin gidan tukuna.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kasuwar Pitowa. Zana shida da kuɗin mota, jaka 14. Katakon yaron nan da ya lanƙwashe zai yi turakun rumfa, ko ba komai.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar matasa, yaran Baba sun tafi kallon fareti. Shi kaɗai ya shafa wa katako magani.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Aiki ya tsaya, kuma gara da ya tsaya.

Takardar ƙyallin a ƙarƙashin katakon rufi ake kafa ta, a bar tazara tsakaninta da kwano. Har mun yi gardama, ni na ce ƙyallin ya kalli sama tunda daga can rana take. Baba ya ce wata biyu ƙurar Garwa ta kwanta a kai ƙyallin ya mutu, amma fuskar da ke kallon ƙasa ƙura ba ta zama a kanta, kuma alminiyam mai ƙyalli ba ya sakin zafi ta wannan fuskar, muddin ba a manna shi da wani abu ba. Na bar masa.

Yana cikin kafawa ya ƙwala min kira. Wayoyin da aka ja a 2011 a saman bango suke kwance, babu bututu, zafin shekara goma sha huɗu ya gasa robar har tana farfashewa a hannu. Wuri uku jan ƙarfen a fili yake, ɗaya an ɗaure shi da leda. Alminiyam yana ɗaukar wuta. Da an shimfiɗa shi a kan wannan, rufin gaba ɗaya zai iya zama tarko. Ya ce ba zai buga ƙusa ɗaya ba sai mai gyaran wuta ya zo, ya kuma kawo wanda ya yarda da shi. Sabuwar waya da bututu jaka 38, aiki 15. Babu wannan a lissafina. Tunda an buɗe, na cire tsofaffin ƙwayayen wat 60 da suka rage na sa LED masu wat 9, guda takwas, jaka 8. Zancen farin soso kuma ya mutu.

Na kwana ina tunanin da yaron nan ne ya yi aikin cikin kwana shidansa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Magini ya huda bango arewa da kudu, ya sa bulo mai ƙofofi da raga saboda jemagu da tsuntsaye. Siminti buhu biyu na Figil jaka 12, bulo da raga 13, aiki 15.

An gama ɗakin Inna, nawa ba a taɓa shi ba tukuna, sai na raba ma'aunan. Ƙarfe uku: waje 37, nawa 41, na Inna 34. Ta ce a bar ta ta yi ƙailula.

Jauro ya zaunar da mu. Kawun yaron ya ɗauki biyan jaka 30 kashi biyu, aka yi wa katakon kuɗi 25, sauran 25 aka ce in yafe. Na yafe a baki.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Wannan laifina ne ni kaɗai. Ɗan yayata ya ce fenti ai ba ilimi ba ne, in ba shi jaka 8 ya yi. Baba ya tafi suna ƙauye kwana biyu. Na sayi bokitin farin fenti jaka 32, mai araha, ashe na bango ne. Yaron ya hau ya shafa a kan ƙura da tsatsa, da rana tsaka. Daga ƙasa gidan ya yi fari tas, har maƙwabta suna tambaya.

Baba ya dawo ya hau, ya goga tafin hannu, ya sauko ya nuna min. Fari fat kamar ya taɓa garin rogo. Ya ce ruwan farko zai wanke shi ya zubo ta indararo. Kwanona na ƙarfe ne, ba na alminiyam irin na masana'antar Edeya ba, ya fara tsatsa a bakin ƙusoshi. Sai an kankare, an wanke da sabulu, ya bushe, an sa fentin tsatsa, sannan farin fenti na ƙarfe shafi biyu, kuma da sassafe kafin kwanon ya ɗau zafi. Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Kai kana ɗinka shadda da zaren buhu?"

Jaka 40 ta tafi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Silin ya kammala, ɗakuna uku. An biya kashi na uku. Ƙasan ƙofofi Baba ya buga musu robar tsohuwar taya, ƙura ta ragu sosai. Ya fasa wa Inna ƙaramar taga ta gabas daura da ta yamma.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi. Mai fenti na gaske yana hawa bayan asuba ya sauko ƙarfe tara. Kwana biyar. Fenti iri biyu jaka 64, aiki 20, ruwan 'yan garuwa 4.

Asabar, 22 ga Maris

Ba ni da lokacin rubutu, shago ya cika. An kafa rumfar zana a bangon yamma, taku biyu daga bango don iska ta ratsa.

Baba ya kawo yadin jikokinsa uku tun farkon azumi. Yau ya leƙo, bakina ya suɓuce na ce gobe. Ya zauna a benci ya ce to a kawo takarda da liman. Daren nan na gama su.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya kai inda yake kaiwa. Ƙarfe uku: waje 43, ɗakin Inna 37, soro 35. Bara ban auna ba, amma a Janairu ɗakin yana gaban waje da huɗu, yanzu yana bayansa da shida.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce dare. Ƙarfe goma waje ya sauka 32, ɗaki yana 35. Bulo bulo ne, kuma silin ɗin da ya tare zafin rana yana ɗan riƙe na dare. Makon farko mun yi kuskure, muna buɗe tagogi da rana wai a sha iska, ashe iskar wuta muke shigarwa. Yanzu ƙarfe tara na safe a rufe komai, bayan magariba a buɗe duka, a sa fanka a bakin taga ta jawo ta waje. In an ɗauke wuta kuwa tsakar gida muke kwana cikin gidan sauro, kamar kullum. Inna dai da rana tana ɗakinta, kuma bana ba mu je asibiti ba, alhamdu lillahi.

Takardar wutar Maris ta ragu kaɗan, ba abin a zo a gani ba. Na gano robar ƙofar firiji ta saki, in ka maƙale takarda ka ja sai ta zare ba wuya. Zan canza ta.

Jimla zuwa yau, har da jaka 15 da ke hannuna: 649. Na haura da 49. In ka cire 25 na yaron da 40 na fenti, da ban kai 600 ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Daren Alhamis hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Zana biyu sun tashi, ɗaya a gidan maƙwabci muka tsince ta. Fenti bai motsa ba. Amma da safe na ga tabo biyu a silin ɗin ɗakina, girman faifai.

Na aika wa Baba, kafin azahar ya zo. Ƙusoshi biyu ne suka yi sako-sako inda aka yi ta takawa lokacin fenti. Ya cire su ya sa masu hular roba, ya bi sauran layin ɗaya bayan ɗaya ya canza tara. Fallen da ya jiƙe ya ce a bar shi ya bushe, in ya kumbura akwai ragowar rabi a soro. Na miƙa masa jaka 15, ya ce in riƙe sai ruwa na biyu.

Abin da ya rage: a ɗaure zana da waya maimakon igiya. A dasa darbejiya biyu ta yamma yanzu da ƙasa ta jiƙe, nesa da bango saboda saiwa. Bayan Babbar Sallah, in ɗinki ya yi albarka, faifan hasken rana ɗaya da batir da fanka mai wat kaɗan don ɗakin Inna kawai, kuma wanda zai haɗa sai na je na ga aikinsa a gidan wani da idona. Kafin nan soron yana bukatar yaɓe, ruwan shekaranjiya ya ci gefen gabas. Maginan ƙasa sun yi ƙaranci a gari, amma Baba ya san wani a hanyar Gashiga, ya ce zai turo shi ranar Talata.